Wa Ya Amsa wa Gumsu?

Difa, shekara ta goma da tashinmu daga bakin kogi, watan shanyar tattasai

Zuwa ga ƴata Maimouna, ƴar ƙanena marigayi Grema, likita a Yamai.

Wushe, wushe. Bayan gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyarki da ta maigidanki da yara. Mu nan alhamdulillahi. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta. Innarki Ya Gumsu tana gaishe ki, lafiyarta lau, sai dai ba ta son fita kwanakin nan.

Malam Illiassou ne ke riƙe da alƙalami, wanda ya yi aikin gidan waya har ya gaji ya zauna. Ya ce in kira ki a salula. Na ce a'a. Maganar salula ba ta da shaida, gobe sai ki ce ban faɗa ba. Direban kar, motar fasinja, zai kawo miki wannan har hannu.

Mutanenki sun zo. Na ce mutanenki saboda sunanki suka ambata kafin in shimfiɗa musu tabarma. Wai gida gida suke bi suna auna hankalin tsofaffi. Ni hatsi na san ana aunawa, amma tunda aikinki ne na dangwala musu yatsa.

Kwana biyu suka yi. Ranar farko Gumsu, ta biyu ni. Wani mai tabarau, ɗan yamma, ya ce mini, Baba, wace shekara muke ciki? Na ce ta goma da barinmu Wulmari, ta shida da ruwan da ya hau Difa ya ci gidajen bakin kogi, ta arba'in da ɗaya da yunwar da ta kashe shanun mahaifinki. Ya ce lamba yake so. Na ce lamba ta ƴan lakwal ce, masu karatun boko. Ya ja layi a takardarsa. Ya ba ni alƙalami wai in zana agogo. Ni da tun haihuwata inuwa ce ke gaya mini lokaci. Na zana masa itace da inuwarsa ta hantsi, mai kyau kuwa. Ya sake jan layi. Ya ce in riƙa cire bakwai bakwai daga ɗari. Na ce bakwai na mene ne, awaki ko buhuna, kuma wa ke kwashewa? Ya yi dariya, amma layin bai fasa ba.

Daga nan suka ce in fita waje. Wata mata, Hanifa, mai jin Barbarci, ta zauna da Gumsu tana tambayarta labarina. Wannan ban so ba. Da na san haka tsarin yake da ban dangwala yatsa ba.

To jiya bayan la'asar, a ƙofar masallaci, aka kawo takarda aka ba Illiassou. Kin san halin ɗan gidan waya, bai iya karatu a zuci ba. Kafin ya gane abin da ke ciki ya riga ya shelanta wa jama'a cewa ana gayyatar Kyari asibiti don ƙarin bincike a kan mantuwa. Mantuwa! Ni! Ni da ake zuwa tun daga Geskeru a tambaye ni wa ya haifi wa, kuma ina gonar wane ta tsaya. Gambo yana wurin, wanda gonarsu ke gabas da ta marayun Muhsinu. Ya yi tari irin na wanda ya tsinci abu a hanya.

Illiassou yana cewa in bar sunansa a nan. Rubuta, Malam, kai ka yi.

Ki gaya mini me wannan takarda ke nufi, kuma wa zai zo ya karanta wata a ƙofar masallacin ya goge ta farko.

Wani abu kuma. Miyar busasshiyar kuɓewa, kanwa ake fara sawa ko kifi? Gardama ce muke yi da Illiassou.

Babanki, Kyari.

*

Yamai, 24 ga Fabrairu

Baba,

Na samu takardarka, na karanta sau uku. Muna lafiya. Yara sun ce a gaida kakansu mai itace da inuwa, don na karanta musu wurin, ka yafe ni. A shafa wa gwiwar nan man da na aiko da direba.

Da farko ina ba ka haƙuri. Takardar nan hannunka ya kamata a sa ta, a cikin gida. Na yi magana da wanda ya aika.

Ciwon da muke bincike a kai sunansa Alzaima. Ba hauka ba ne, ba iska ba ce, kuma ba kowane tsoho ke samunsa ba. Ka san yadda laka ke taruwa a magudanar ban ruwa, fangalin ƙarshe ya fara bushewa alhali na kusa da inji yana kore? Haka wasu abubuwa biyu ke taruwa a cikin ƙwaƙwalwa shekara da shekaru, su toshe hanyoyi, har wurin ya mutu. Sabon abu ne ke fara ɓacewa, abin da aka ci da safe, wanda ya zo jiya. Tsohon abu shi ke daɗewa. Shi ya sa mutum zai iya ba da labarin yunwar da aka yi shekara arba'in dalla-dalla, kuma yana ɗauke da ciwon.

Abin da ke kawo shi, har yanzu ba a gama sani ba. Akwai shekaru, akwai gado a wasu gidaje, kuma hawan jini da ciwon suga da rashin ji suna ƙara masa ƙarfi. Maganin warkewa babu tukuna, ba zan yi maka ƙarya ba. Akwai ƙwayoyin da ke ɗan riƙe mutum na wani lokaci. Amma akwai mantuwar da ba wannan ciwon ba ce, wadda maƙoƙo ko ƙarancin wani abu a jini ke kawowa, ita kuwa tana jin magani. Don haka ake ɗibar jini a duba.

Maganar agogo da bakwai bakwai, gaskiyarka. An tsara tambayoyin nan ne don waɗanda suka yi lakwal, kuma gyara su na cikin abin da ya kai mu Difa. Shi ya sa gwajin yake rabi biyu. Rabi a tambayi tsohon, rabi a tambayi wanda ke kwana ya tashi da shi. Rabi na biyun ya fi nauyi a wurinmu. Ban ga dosiyenka ba, wato takardun gwajinka, don lamba ake sawa ba suna ba. Sai dai na san ba a aika gayyata sai rabi biyun sun haɗu. Ke nan wadda ta fi kowa saninka ta ga wani abu. Baba, don Allah ka je. Zama ne da likita da ɗigon jini, ba komai.

Kifi ake fara sawa ya dahu, kanwa ƴar kaɗan kafin kuɓewa. Amma me ya sa ku biyu kuke gardama alhali Ya Gumsu na cikin ɗaki? A Wulmari duka ba wadda ta kai ta wannan miyar.

Ka sa Malam Illiassou ya kira ni ya ba ta salular. Na fi shekara ban ji muryarta ba.

Ƴarka, Maimouna.

*

Difa, kwana tara bayan ƙaramar salla

Maimouna,

Gaisuwa. Da fatan kun sha ruwa lafiya, kun yi salla lafiya. Mun yi tamu. Man ya zo, gwiwa ta gode. Gumsu maƙogwaronta ke ciwo, ba ta iya maganar salula.

Azumi ne ya hana ni amsa miki, don abin da ke bakina ba na mai azumi ba ne.

Na sa Illiassou ya karanta mini wurin nan har sau huɗu, inda kika ce mutum zai ba da labarin yunwa dalla-dalla kuma yana da ciwon. To madalla. In na manta, ciwo ne. In na tuna, ciwo ne. Ta wace ƙofa mutum zai fita daga hannunku? Ni na ɗauke ki a wuya na haye kogin Komadugu da ke ranar da ruwa ya kai ƙirji, kina riƙe da kunnuwana kina ihu. Wannan ma tsohon abu ne ko? To ga sabo. Yau da safe na sha kunu da ƙosai uku, ɗaya ya ƙone. Illiassou ya zo da hula a karkace, ya zauna a kan takalmina. Rubuta, Malam.

Bari ki ji abin da takardarku ta jawo. An ba mutanenmu izini su koma su noma bakin kogi da rana. Shekara goma ba a taɓa ƙasar ba, ruwa ya hau ta sau biyu, kunyoyi sun baje, itatuwan da aka sani an sare. Dole a fitar da iyaka kafin a zuba irin tattasai. Bulama ya ce kamar kullum ni zan shiga gaba, jama'a a baya. Sai Gambo ya miƙe. Ya ce, ranka ya daɗe, ba raini ba, amma mutumin da likitoci suka rubuta cewa kansa ya fara zuba, ta yaya zai raba ƙasa? Na ce, Gambo, na tuna ranar da aka yi maka kaciya, ka gudu ba wando har gindin tsamiya. Aka yi dariya. Amma Bulama bai yi ba. Ya ce in kawo takardar da ta wanke ni.

Na san abin da Gambo ke nema. Tsakanin gonarsu da ta marayun Muhsinu akwai tsohuwar rijiya da aka cike. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka haƙa ta. In ban tsaya a kanta ba, iyaka za ta yi tafiya yamma da ƙafafunta.

Ba na zama wuri ɗaya kwanakin nan. In na fita sai in ji dole in koma gida, in na koma sai in ji ana magana a kaina a waje. Masallacin Juma'a ma na daina zuwa na nesa. Na ɗaura ƙararrawar akuya a ƙyauren gida, saboda ɓarayi sun yi yawa.

Asibiti ba zan je ba. Ga abin da za ki yi. Na ba ki izini ki nemo dosiyen nan, ki duba rabina da idon wadda ta san ni. Rabin Gumsu kuwa ki cire ki yaga, ba sai kin karanta ba. Fushi take da ni ranar, maganar mata da miji ce, ba ta shafi Yamai ba. Sai ki aiko da takarda mai hatimi in kai wa Bulama.

Miyar ta yi, sai dai kanwar ta yi yawa.

Kyari.

*

Yamai, 22 ga Afrilu

Baba,

Ina gaishe ka da Ya Gumsu. Muna lafiya. Ka sa Malam Illiassou ya karanta wannan a cikin ɗaki, a hankali, ku biyu kawai.

Na kai takardarka wurin shugabanmu, muka buɗe dosiyen tare. Ba a yaga rabin gwaji, Baba, kuma ba yadda za a yi in auna rabinka ban ga ɗayan ba. Na karanta. Ka yi fushi da ni in ka so.

Rabinka babu komai a ciki sai rashin lakwal. Kalmomi biyar da aka ba ka ka riƙe, ka dawo da su duka, har ka ƙara da sunan kakan mai tambayar.

Ga abin da Hanifa ta rubuta daga bakin Ya Gumsu. Ta ce ka rikice. Ta ce kana cewa a Difa kuke zaune alhali kuna Wulmari. Ta ce kana ɓoye mata tukwane, kana hana ta zuwa gona. Ta ce kana gaya wa mutane ɗanku Fannami ya rasu, alhali yana gonar tattasai, ita ke kai masa abinci kullum.

Hanifa ƴar Maine-Sorowa ce, ba ta san gidanmu ba. Ta ga dattijuwa mai tsafta tana magana a natse, ta rubuta. Ni kuwa na tsaya a wurin nan na kasa ci gaba. Ina cikin waɗanda suka zauna makokin yaya Fannami.

Sai na nemi dosiyen Ya Gumsu. Kowace tambaya ta amsa daidai. A ƙasa an rubuta cewa a ranar farko an tsare motar Hanifa a shingen soji, mai tambaya ba ya jin Barbarci, dattijuwar kuma ba ta amsa Hausa, don haka maigidanta ya yi tafinta. Rabi na biyu ma kai ka ba da shaida, ka ce ba abin da ya canja.

Matar da ta yi shekara talatin tana ciniki da ƴan Damagaram da Hausa, yaushe ta daina ji? Wa ke girki a gidan? Ƙararrawar nan don mai shigowa aka ɗaura ta ko don mai fita?

Ba tuhumarka nake ba. Kuskuren namu ne, da muka bar miji ya zama bakin matarsa. Takardar wanke ka tana da sauƙi, amma sai an gyara dosiye biyun tare, don ba za a ce shaidarta ba ta tsaya ba sai an faɗi dalili. Wani abokin aikina, likitan ƙwaƙwalwa, zai zo Difa na yini ɗaya cikin watan gobe. Ka kai ta.

Maimouna.

*

Yamai, 15 ga Mayu

Baba,

Mako uku shiru. Direba ya rantse a hannunka ya sa takardar. Na kira Malam Illiassou sau biyar, ya ce ka hana shi magana da ni, wai in ya yi za ka nemi wani magatakarda. Na kira Bulama na kashe kafin ya ɗauka. Ina duba marasa lafiya, hankalina yana ƙofar gidanka.

In na yi maka rashin kunya ne, ka yafe. In kuma wani abu ya faru, kada in ji a bakin wasu.

Likitan zai zauna ranar Alhamis, 29 ga wata, da safe kawai, da yamma zai wuce. Hanifa za ta kasance. Na ba da sunan Ya Gumsu. In ba ku je ba, ba wanda zai zo ya ɗauke ta dole, wannan na yi maka alkawari.

Ka aiko ko da layi ɗaya.

Maimouna.

*

Difa, Laraba, saura kwana tara babbar salla

Ƴata Maimouna,

Wushe. Takardunki biyu sun zo. Ina lafiya. Gumsu ba ta da lafiya. Illiassou ya ɗaga kai ya dube ni. Rubuta haka, Malam, yadda na faɗa.

Ni na amsa mata. Mai tabarau ya tambaya, na juya na ce mata da Barbarci, Gumsu, gyara mayafinki. Ta ce wani abu a kan awaki. Na juyo na ba shi amsa. Haka muka yi daga farko har ƙarshe. Da ya ba ta kalmomi ta riƙe, ni na riƙe su.

Damina uku ke nan. Ya fara ne da gishiri, ta sa sau biyu, wata rana ba ta sa ba. Sannan ta je kasuwa ta tsaya a tsakiyar ƴan tattasai ba ta san hanyar gida ba. Hausa ta zube mata kaɗan kaɗan kamar hatsi daga ɓulallen buhu. Ranar da ta ɗora tukunya ba ruwa har ta yi ja, na kwashe tukwanen. Gaskiya ta gaya wa Hanifa, na ɓoye su. Maganar Fannami, da farko nakan ce mata ya rasu. Kowane lokaci sai ta yi kuka sabo, kamar a lokacin aka kawo shi daga gona. Sau nawa mace za ta binne ɗa guda? Na daina. Yanzu nakan ce ya ci, ya ƙoshi, ya ce a gaishe ki.

Kin tambayi dalili, ko da ba ki rubuta ba. A sansanin da muka fara sauka akwai wata tsohuwa da ke yawo tana kiran matattu. Aka ce mayya ce, ta cinye su ne shi ya sa take ganinsu. Jikokinta suka ɗaure ta da igiya a ƙafa, jikin turke. Gumsu ce ke kai mata ruwa. Na ce ina da rai ba za a kira ƴar mutane da wannan sunan ba. Gara a ce ni ne kaina ya zube.

Akwai wani dalilin, shi ne wanda ya hana ni amsa miki. Ana cewa Kyari ba ya mantuwa. To Kyari mutum biyu ne. Ni na san ƙasa da maza. Ita ta san wa ya sha nonon wa, wace aka saka da ciki, wane yaro aka ba wa riƙo. In aka kawo mini tambaya nakan ce ku dawo gobe, mutane su ɗauka tunani nake yi. Gida nake shiga in tambaye ta. Shekara hamsin da biyu ba wanda ya gane. In na yarda nata ya tafi, nawa ma rabi ne.

Ga abin da ya faru ranar Lahadi. Bulama ya kira zama a kan maganar iyaka, na ce ba zan daɗe ba. Ina can ina musu da Gambo, ita kuwa ta cire ƙararrawar ta ajiye a kan tabarma, don hannunta bai manta kunce ƙulli ba. Ta ɗauki kwanon tuwon da na rufe, ta ɗora a ka, ta nufi kogi da tsakar rana. Kin san yanzu ruwa ya janye, sai rairayi da ƴan tafkuna, kuma kin san waɗanda suka tashe mu suna ƙetare. Sojoji suka daka mata tsawa da Hausa. Ba ta ji ba. Suka sake da Faransanci. Ta ci gaba da tafiya da rufaffen kwano a kai. Maimouna, kin san abin da soja ke gani in ya ga rufaffen kwano yana zuwa ba ya tsayawa. An ce har an ɗaga bindiga. Wata mai wanki ce ta yi kururuwa da Barbarci, ta ce, Ya Gumsu, ina zuwa? Ta tsaya ta ce gona.

Da na isa, takalmi ɗaya a ƙafata, na tarar da ita zaune a inuwar motarsu. Ta buɗe kwanon a gaban wani soja, baƙi dogo, ta ce ba za ta tashi ba sai ya ci. Tana ce masa Fannami, ka rame. Bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya ajiye bindiga ya wanke hannu ya ci. Allah ya ba shi lada, don tuwon nawa ne, ni kaina da ƙyar nake haɗiye shi. Da ta gan ni ta ce masa, ga tsohon nan da ke cewa ka mutu.

A unguwa na ce zazzaɓi ne da zafin rana. Aka ce Allah ya sawwaƙe. Da zan iya barin maganar a haka. Kwana uku ina zagaya tsakar gida kamar akuyar da aka ɗaure. Na hana a sa mata igiya, saura kaɗan in sa a harbe ta.

Na sa an sake karanta mini takardarki ta farko, ba wurin da ya ba ni haushi ba, sauran. Kin ce babu maganin warkewa. Na ji. Kin ce akwai mantuwar da ke jin magani, sai an duba jini. Ban sa rai ba, amma ba ni da ikon hana ta wannan ɗigon. Ki gaya wa mutanenki kuma, in suna son su auna irinmu, su bar agogo. Su tambayi mace jerin yadda ake miyar kuɓewa, su tambayi namiji fangali nawa inji ke shayarwa kafin azahar. Kuma kada su sake barin miji a ɗakin.

Yanzu ga inda aka tsaya. Motar masu fitar da iyaka gobe Alhamis za ta tashi, da rakiyar soji, kuma ba a san ranar da za a sake ba da izini ba. Likitanki ma gobe ne. Jiya na je wurin Bulama, Gambo na zaune, na faɗi komai da bakina, har da tafintar da na yi. Ba wanda ya yi tari. Bulama ya ce, to ai ka wanku, ka shiga gaba ranar Alhamis. Na ce ba zan samu zuwa ba.

Tun safe nake zaune da Illiassou ina faɗa yana rubutawa, gona gona, daga kututturen tsamiya zuwa mashayar shanu. Ni da kullum nake cewa takarda ba ta san ƙasa ba. Na gaya musu inda za su haƙa, kamu uku za su tarar da bakin rijiyar, da tubalin da na ɗora da hannuna. In sun haƙa, marayun Muhsinu sun tsira. In Gambo ya hana a haƙa, shi da Allah. Wurare biyu na ce a bar fili a takardar, don amsarsu tana wurin Gumsu.

Gobe da na idar da sallar asuba zan ɗumama mata ruwa, in fito mata da zanenta mai ruwan bula da take so, in turara shi yadda take yi. Zan ce mata gona za mu, amma sai mun biya ta wani wuri. Zan kai ta har ƙofar likita, in sa hannunta a na Hanifa, in fita in zauna a gindin dogon yaro inda ba za ta hango bakina ba. In suka tambaye ta wane ne tsohon da ya kawo ta, ban san abin da za ta ce ba. Duk abin da ta ce, ba zan gyara mata ba.

Babanki, Kyari.